Kiwon fileko a falo: daga yankan gilashi zuwa ƙyanƙyasa a Samaru

A Zariya idan ka ce kana kiwon kifi, hankalin kowa kan tarwaɗa yake tafiya, da tankin roba a bayan gida, da lissafin kuɗin buhun abinci. Nawa ba na miya ba ne. Kifin ado ne da ake kira fileko, yana zaune a akwatin gilashi a kusurwar falona a Samaru, kuma babban cikinsu bai kai tsawon tafin hannu ba. Ɗan uwan tarwaɗa ne na nesa, daga kogunan Kudancin Amurka, dangin da masana ke kira Loricariidae. Jikinsa ba santsi, wasu faranti ne masu tauri jere kan juna, bakinsa kuma a ƙasa yake, yana manne shi a jikin dutse ko icce yana kankarar gansakuka.

Abu na farko da na tsaya na tantance kafin in kashe ko sisi shi ne wane iri zan ajiye, domin a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Filekon da ya fi yawa a hannun masu sayar da kifin ado, wanda suke tallarsa da cewa yana wanke gilashi, ɗan ƙarami ne ranar da ka saye shi, amma Pterygoplichthys ne, yana iya haura santimita 40. Akwatin falo ba zai ɗauke shi ba. Ƙananan su ne abin nema. Akwai Ancistrus mai gemu, wanda yake tsayawa tsakanin santimita 10 zuwa 13. Akwai Panaqolus maccus na Benezuwela da Kolombiya, mai zane rawaya da baƙi, bai cika wuce santimita 9 ba, shi icce ma yake ci. Sai sarkinsu a tsada, Hypancistrus zebra na kogin Shingu a Burazil, fari da baƙi, wanda aka ba shi sunan kimiyya a 1991, kuma Burazil ta hana fitar da shi daga ƙasar a 2004. Za ka ga masu sayarwa suna rubuta harafin L da lamba a gaban sunan kifi, kamar L046 ko L104. Wata mujallar kifin ado ta Jamus mai suna DATZ ce ta fara wannan lambar a 1988, saboda sababbin iri suna shigowa kasuwa tun masana ba su kai ga raɗa musu suna ba.

Na zaɓi mai gemu. Ba shi ne ya fi kyau ba, a gaskiya namijin idan ya girma mummuna ne, da wasu tsiro-tsiro a saman hancinsa. Amma yana da haƙuri da ruwan da bai cika daidai ba, yana cin ganyen da ake sayarwa a kasuwar Samaru, kuma yana hayayyafa a ƙaramin wuri. Mai zama a garin da ake ɗauke wuta ba sallama bai kamata ya fara da kifi mai shagwaɓa ba.

Akwatin a Sabon Gari aka haɗa mini shi, wurin wani mai yankan gilashin taga. Tsawo santimita 60, faɗi 35, tsayi 40, wato lita 84, da gilashi mai kaurin milimita 6. Abin da na nace a kai shi ne silikon ɗin da za a liƙe shi da shi: kada ya zama irin na banɗaki da aka sa wa maganin hana fumfuna, domin wannan maganin yana narkewa a ruwa a hankali ya kashe kifi. Mai gilashin ya dube ni ya ce, "Malam, duk silikon ai silikon ne." Na ce, "Maigida, ka yi haƙuri dai ka sa wanda na zo da shi." Teburin kuma mai walda ne ya yi shi da ƙarfe, aka ɗora katako da soso a sama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan ka haɗa gilashi da yashi da icce, kana maganar sama da kilo 100, ba aikin teburin talabijin ba ne.

Yashi na rafi ne, na wanke shi har ruwan ya daina yin ja. Icce dole ne ga wannan kifi, yana kankararsa kuma yana ɓuya a ƙarƙashinsa. Na samo saiwar busasshen icce mai tauri wanda ya daɗe da mutuwa, na ɓare ɓawon, na tafasa shi a tsohuwar tukunya, sannan na bar shi a jiƙe cikin bokiti ina sauya ruwa har ya daina yawo ya nutse. Icce ɗanye, ko mai ƙaro, ko wanda aka taɓa shafa wa fenti ko maganin gara, duk ba su shiga.

Daga nan sai matakin da ya fi gundura, wanda kuma shi ne ginshiƙin komai: ka cika akwati da ruwa, ka kunna matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin, ka zauna kana kallon ruwa ba kifi. Dalili shi ne kashin kifi da abin da yake fitarwa ta numfashi amoniya ne, guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da amoniya zuwa naitirait, ita ma guba, wasu kuma su mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har ranar da za ka sauya ruwa. Waɗannan ƙwayoyin a cikin soson matata suke zama, kuma kafin su yi yawan da za su iya aikin ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Kullum ina jefa ɗan garin abincin kifi ya ruɓe a ciki don su samu abin ci, ina gwada ruwan da ɗan kwalaben gwaji. Uwargida ta sha tambaya, "Wai Malam, ruwa muke kiwo ne?" Amsar gaskiya ita ce e. Wanda ya iya kiwon ruwan, kifin ba ya ba shi wahala.

Ruwan da kansa sai da na yi masa tunani. Na famfo, idan ya zo, yana da kulorin, sai an bar shi ya kwana a buɗe ko an ɗiga masa maganin kashe kulorin. Na 'yan garuwa ba ka san daga inda aka ɗebo ba, yau wannan rijiya gobe waccan, kifi kuwa ba abin da ya tsana irin sauyin ruwa kwatsam. Na tsaya kan burtsatse guda ɗaya ta unguwarmu. Da na gwada, ma'aunin tsaminsa yana ɗan ƙasa da 7, daidai da abin da mai gemu ke so, wato tsakanin 6.5 da 7.5. Na ware jarka biyu da bokiti ɗaya da tiyo waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba, na rubuta "kifi" a jikinsu da fenti don kada wani ya ɗauka ya jiƙa wanki.

Kifin daga Legas aka turo su, 'yan ƙanana guda 5, cikin leda mai iska a kwalin soso, na je tashar mota ta Kwangila na karɓa a hannun direba. Ƙanana na saya da gangan, domin kafin su girma ba a gane mace da namiji, kuma idan ka ɗauki 5 da wuya a rasa jinsin biyu. Na ɗora ledar a kan ruwan akwatin har zafinsu ya zo ɗaya, ina ƙara musu ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan na kwashe su da kofi. Raga ba ta dace da su ba: a gefen kumatunsu akwai wasu ƙayoyi da suke buɗewa idan sun tsorata, su maƙale a raga, cire su kuma sai an ji wa kifin ciwo. Suna shiga suka ɓace ƙarƙashin icce. Wanda ke son kifin da zai riƙa shawagi a gaban baƙi ya nemi wani. Wannan sai bayan magariba, an rage haske, yake fitowa.

Maganar cewa fileko yana rayuwa da dattin akwati ƙarya ce, kuma ta kashe kifi da yawa da yunwa. Gansakukar akwatin lita 84 ba ta ƙosar da ko guda ɗaya. Ina ba su kokwamba, da kabewa, da dankalin Hausa, da alayyafo, wani lokaci ganyen zogale. Ina wanke su sosai saboda feshin da ake yi wa kayan lambu, in tsoma a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci su yi laushi, in soke da cokali mai yatsu don su nutse. Da dare nake sawa, da safe in cire abin da ya rage kafin ya ɓata ruwa. Sau biyu a mako ina ƙara musu abincin kanti mai nutsewa. Abincin tarwaɗa na gona ya yi musu maiƙo da yawa, yana kumbura musu ciki. Suna ci da yawa, suna kashi da yawa, saboda haka duk Asabar ina zuƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo daga ƙasan yashi, in mayar da sabo. Soson matata kuma a cikin ruwan da na zuƙe nake matse shi, ba a sabon ruwa ba, don kada bakteriyar ta mutu.

Duk wannan ana iya karanta shi a ko'ina. Abin da littattafan Turai ba za su gaya maka ba shi ne yadda za ka ratsa shekarar Zariya da kifin da ke son zafin ruwa tsakanin digiri 23 da 27.

Hunturu ya fi sauƙi. A Disamba da Janairu, da asuba ruwan falona yakan sauka ƙasa da digiri 20, kifin su lafe su daina ci. Hita mai wat 100 tana maganin wannan idan da wuta. Idan babu, ina liƙa soson kwali a baya da gefunan akwatin, in lulluɓe shi da bargo da dare. Ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa, kuma sanyin da ya sauko a hankali bai kai wanda ya zo farat ɗaya illa ba. Ƙurar hazo kuma murfi ne maganinta.

Bazara ce jarrabawa. Maris da Afrilu, ɗaki mai rufin kwano da rana ba a magana, ruwan yana neman digiri 31 ko 32. Matsalar ba zafin kaɗai ba ne: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi, a daidai lokacin da jikin kifin ya fi buƙatarta. Fileko yana da wata dabara, yakan taso da gudu ya haɗiyi iska a saman ruwa ya koma. Idan ya yi haka jefi-jefi ba komai, idan ka ga suna ta yi, to ruwan ya shaƙe. Abin da ya cece ni ƙaramar fanka ce mai caji da na ɗora tana hura saman ruwan, murfi a buɗe, an rufe da ragar sauro. Iskar bazara a bushe take, ruwan yana tashi da sauri, zafinsa ya sauka da digiri 2 zuwa 3. Hikimar randa ce dai, wadda iyayenmu suka sani tun kafin firij. Sai dai kullum sai ka cike gurbin ruwan da ya tashi. A ranakun da abin ya yi tsanani ina sa robar ruwa mai ƙanƙara, a rufe, ta yi yawo a ciki. Ƙanƙarar da ake sayarwa a leda ba na bari ta narke a ruwan, ban san da wane ruwa aka yi ta ba.

Saboda wuta ne ma na zaɓi matatar soso mai aiki da famfon iska maimakon matata mai inji. Famfon iskar wat 3 zuwa 5 kawai yake ci, kuma akwai mai batir a ciki wanda ke ci gaba da aiki da kansa idan an ɗauke wuta. A ganina wannan ɗan famfon ya fi fitila da duk wani kayan ado muhimmanci, domin bakteriyar soson ma iska take shaƙa. Idan ruwa ya tsaya cak na tsawon sa'o'i cikin zafi, ita ce za ta fara mutuwa, amoniya ta biyo baya.

Akwai kuma maganin sauro. Na fesawa, da fiya-fiya, da igiyar leko, duk dafi ne mai ƙarfi ga kifi, kuma famfon iska yana zuƙo iskar ɗakin ne ya tura ta cikin ruwa kai tsaye. Wani abokina a Tudun Wada ya wayi gari ba kifi ko ɗaya a raye bayan an yi feshi a falo da dare. A gidanmu doka ce, ba a feshi a falo. Turaren wuta dai mun yi sulhu da uwargida, a ɗaki take sawa.

Da kifin suka kusa shekara, biyu suka fitar da gemu, ukun suka zauna da hanci sumul sai ɗan tsiro kaɗan a gefen leɓe. Mazan suka fara ture juna kan wurin ɓuya, sai na ba da ƙaramin, da mace ɗaya, na rage namiji ɗaya da mata biyu. Yanzu saura kogo. Mai gemu ba ya ƙwai a fili. Namiji ne ke neman rami matsattse mai ƙofa ɗaya, ya share shi, ya zauna yana jiran mace. Wasu suna sa bututun roba su toshe gefe ɗaya. Ni na tafi cikin birni wurin wata dattijuwa mai ginin tukwane, na kwatanta mata: bututun yumɓu, tsawon santimita 15, bakinsa santimita 4, ƙarshensa a rufe, a gasa shi sosai, kada a shafa masa komai.

Ta ce, "Ɗan nan, wannan asusu ne ko me?"

Na ce, "Inna, ɗakin kifi ne."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Kifi da ɗaki! To Allah ya sa ya biya haya." Ta yi mini guda uku, kuma sun fi duk wanda na gani a hoto kyau. Na jiƙa su, na kwantar da su bakinsu yana kallon gaba don in riƙa leƙawa. A daren farko namijin ya shige na tsakiya.

A garinsu, waɗannan kifaye da saukar damina suke hayayyafa, lokacin da ruwan sama mai sanyi ya cika kogi, abinci ya yawaita. Masu kiwo a Turai sai sun ƙirƙiro wannan da dabara. Mu nan Allah ya hutar da mu, yanayin da kansa yake yi: bayan ƙunar Afrilu sai hadarin Mayu, gari ya yi sanyi dare ɗaya. Na ƙara musu abinci tun kafin lokacin har cikin matan ya yi fam idan ka dube su daga sama. Da ruwa ya zauna, na tari na sama a bahon roba a tsakar gida. Ba na indararo ba, domin ruwan da ya biyo ta kan kwano yana ɗauke da ƙura da kashin tsuntsu da sinadarin zinki, wanda kifi ba sa jurewa. Na gauraya shi da na burtsatse, na sauya kusan kashi ɗaya cikin uku na akwatin da ruwan da ya fi na ciki sanyi da digiri 2 ko 3. Na maimaita bayan 'yan kwanaki.

Ban ga shigar macen ba, da dare aka yi. Abin da na lura da shi, namijin ya daina fitowa cin kabewa, kansa a ciki, wutsiya a bakin kogo, fikafikansa suna kaɗawa ba tsayawa. Na haska da tocilan ɗin waya a kaikaice, sai ga curin ƙwai ruwan lemo manne a can ƙarshe, manya-manya, kowanne ya kai milimita 3. Macen kuwa ta koma kan kokwamba, cikinta ya saɓe, ba ruwanta da abin da ta bari. A wannan kifi uba ne ke reno. Shi ke kaɗa wa ƙwan ruwa don iska ta ratsa su, shi ke lashe su da baki yana cire wanda ya lalace kafin fumfuna ta kama sauran, kuma kusan ba ya cin komai har a gama.

Aikina a wannan lokaci shi ne in kame hannuna. Yawan haska shi ko taɓa kogon yakan sa ya tsorata ya harbo ƙwan waje. Idan hakan ta faru, ana ɗaukar curin a sa a ƙaramin mazubi kusa da kumfar iska, amma ba ya kai renon uban. Sau ɗaya a rana nake leƙawa. Ƙwan mai gemu yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 4 zuwa 7 gwargwadon ɗumin ruwa, 'ya'yan su fito da jakar gwaiduwa rataye a ciki, wadda za su rayu a kanta na wasu kwanaki kafin su buƙaci abinci. Duk wannan a cikin kogon suke, uban ya tare ƙofa.

Wata safiya na tarar da su a jikin gilashi da kan icce, sun haura 40, kowanne kamar santimita ɗaya, amma komai na babba yana da shi, har manna bakin. A nan matatar soso ta sake biyan kuɗinta, domin mai inji da ta zuƙe rabinsu, wannan kuwa hawa kanta suke yi suna kiwo. Manyan ba sa cin ƙananan, saboda haka ban raba su ba. Abin da ke kashe 'ya'yan fileko abu biyu ne da ke karo da juna: yunwa da dattin ruwa. Cikinsu ƙarami ne, dole abinci ya kasance a gabansu dare da rana, abincin nan kuma shi ke ɓata ruwa. Sai na koma sa kabewa da alayyafo safe da yamma, ina sauya ruwa kaɗan, kamar lita 10, duk bayan kwana biyu. Bakin tiyon na ɗaure shi da ƙyallen ragar sauro, kuma duk da haka ba na zubar da bokiti sai na duba shi da fitila. Kaɗan sun mutu a makonnin farko, galibi waɗanda dama ba su yi ƙwari ba. Sauran cikin wata 3 sun kai santimita 3.

Kafin su kai haka ma uban ya sake zama kan wani curin, na ɗaya macen. Idan da abinci da kogo, mai gemu yana iya maimaitawa kusan duk wata, kuma lita 84 ba za ta ɗauki kifi 80 ba. Na jira rukuni na biyu ya fito, na kwashe kogunan yumɓun gaba ɗaya, na mayar da namijin wani baho na daban ya huta ya yi ƙiba.

Rabar da 'ya'yan ya fi samar da su wuya, don kasuwar kifin ado a Zariya ba ta da faɗi. Wasu ɗaliban jami'a sun karɓa, wani mai sayar da kifin ado a Kaduna ya ɗauki mafi yawa ya ba ni abinci da kayan gwaji a madadi. Wani maƙwabci ya ba ni shawarar in zuba ragowar a kogin Kubanni su yi ta kansu. Ban yi ba, kuma ina roƙon kada kowa ya yi, ko a Kubanni ko a kogin Galma. Manyan fileko da masu kiwo suka saki sun zama annoba a Fulorida da Meziko da Filifin, suna haƙa ramuka a gaɓar kogi tana zaizayewa, suna cika tarun masunta da kifin da ba mai saye. Ruwanmu da ɗumi, ba abin da zai hana su zama, kuma masu asarar su ne masu kamun ƙurungu da karfasa.

Yanzu duk wanda ya zo neman 'ya'ya, sai ya nuna mini hoton akwatinsa da ruwa a ciki, matata tana aiki tun wata guda da ya wuce, da famfon iska mai batir. Ina haɗa masa da guntun soso daga tsohuwar matatata don bakteriyar ta bi shi gida, da kogon yumɓu ɗaya, don Inna ta ƙara gina mini guda goma.